Ƴar Gata Ta Hau Kwalta

Tun ranar da Sakinatu ta ji an ce ƙungiyar direbobin Bagudo za ta yi bajekolin tsofaffin motoci gabanta yake faɗuwa. Ta san ba za a yi wannan taro a bar Ƴar Gata a rumfa ba, kuma ba za a fito da Ƴar Gata a bar mai ita a gida ba.

Ƴar Gata bas ce mai jikin katako, kanta na ƙarfe, sitiyarinta a dama irin na motocin da. Mai ita kuwa mahaifin Sakinatu ne, Baba Namadi na Lafagu, wanda ya yi jigila da ita tsakanin Bagudo da ƙasar Dahome tun ba a sauya wa ƙasar suna ta koma Benin ba. Da zamani ya wuce ta, ƴan gwangwan sun yi zarya har sun gaji, ya hana su ko taɓa ta. Ya kafa mata rumfar kwano a ƙofar gida alhali ɗakinsa yana yoyo. Duk Juma'a sai ya wanke ta, ya ta da injin ya saurara, kamar mai duba numfashin jariri. Matan unguwa sun sha cewa da ana kai mota Makka, da tuni ta zama Hajiya.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, tun daminar bara gigin tsufa ya fara taɓa Baba Namadi. Sakinatu kaɗai ta sani, don ita ta dawo gida take kula da shi bayan rasuwar mijinta. Da safe ras yake, ya gaisa da kowa, ya tambayi ƴaƴa da jikoki. Amma wani lokaci, ba sallama, sai ya ɗauki faifai ya riƙe da hannu biyu ya kama tuƙi a kan tabarma. Yana tuƙi yana magana da Gidaɗo, wani Bafillace da ya yi masa karen mota shekara da shekaru, wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa.

Kullum tafiya ɗaya ce yake maimaitawa. A wancan zamani motocin Najeriya hannun hagu suke bi, na Dahome kuwa hannun dama. Aikin Gidaɗo ne in an kai iyaka ya doki jikin mota sau biyu da waigi, wato katakon da ake tokare taya da shi, ya ɗaga murya ya ce an bar Ingila an shiga Faransa, wato an bar Najeriya an shiga Dahome, a koma dama. In kuma an kai rumfar duwan, inda jandarmomi ke zama, ya doka sau ɗaya a tsaya. Baba Namadi kan yi muryar Gidaɗo da kansa, ya doki tabarma, ya karkata faifai. Wani lokaci kuma sai ya juyo ya dubi ƴarsa ya ce, "Gidaɗo, mun ƙetare?"

Ba ta taɓa amsa wannan suna ba. Kullum sai ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce. Gidaɗo ya rasu, Allah ji ƙansa." Shi kuma ya ajiye faifan, idonsa ya kawo ruwa kamar yau aka kawo masa labarin. Tana jin zafin haka, amma gani take ranar da ta amsa sunan Gidaɗo, ranar ta rasa uba. Ga shi ita ce ƴar fari, bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta, saboda kunya irin ta mutanen da. "Ke" ce kawai rabonta a bakinsa, kuma ko wannan "ke" ɗin ba ta so ta suɓuce mata.

Da shugaban direbobi, Alhaji Saifuddeen, ya zo Lafagu neman izini, ta tare shi a zaure.

"Alhaji, ƙahwar Baba ba ta da ƙarhi yanzu."

"Haba Hajiya, wa zai sa tsoho tuƙi? Yaranmu za su kai motar. Shi dai shi zamna ga sitiyari a ɗauki hoto, shi ke nan."

Magana ta zo mata har baki. Amma ta yaya za ta dubi namiji a zauren gidansu ta ce kan ubanta ya taɓu? Ta san garinsu. Yau ka ce gigin tsufa, gobe a kasuwar Zagga an ce Namadi Direba ya haukace. Sai ta haɗiye ta ce Allah ya kai mu.

Ranar taro filin ƙwallon da ke bakin kwalta ya cika maƙil. Ga tsohuwar fijo da aka kawo daga Kandi ta ƙasar Benin an goge ta sai ƙyalli take, ga wata roka ta mutanen Zagga da ba a san asalin launinta ba, ga a-kori-kura, ga bas biyu daga tsallaken iyaka da rubutun Faransanci a goshi. Samari da ba su taɓa canza taya ba suna ta jingina da motocin suna ɗaukar kansu hoto. Amma duk inda ka ga cincirindo, to Ƴar Gata ce a tsakiya. An sake mata fenti kore da ruwan ɗorawa, har ƙararrawarta ta tagulla an wanke da toka.

Baba Namadi ya sha farar riga da hula zanna. Ya gane kowa, ya kira tsofaffin abokan aikinsa da sunayen tsokana, ya ba wani makaniken Benin amsa da Dandanci, harshen mutanen iyakar, har mutumin ya riƙe baki. Sakinatu na biye da shi kamar inuwa, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Zuwa hantsi ta fara samun sa'ida. Ta ce a ranta wataƙila yau ranar lafiya ce.

To, Alhaji Saifuddeen mutum ne da in ya riƙe lasifika sai dabara ta yi ta zo masa, wadda ba a nema ba. Ya sa an nemo tsofaffin matan da aka kai ɗakin miji a cikin Ƴar Gata, aka same su kusan cikin mota guda. Shugabarsu Inna Lami ce ta Geza, tsohuwa mai baki kamar reza, abokiyar wasan Baba Namadi. Aka ce su shiga su zauna a benci kamar yadda suka zauna a wancan lokaci. Suka hau ana tallafa musu, suna dariya suna ƙorafin gwiwa. Sakinatu ta bi su ciki don ta zauna kusa da mahaifinta, ko da yake allon katako ya raba gidan direba da na fasinja, sai ƴar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

"Jama'a na son su ji muryarta!" in ji Alhaji a lasifika. "Baba, ta da muna ita!"

Ba a yi haka da ita ba. Ta miƙe za ta yi magana, kan benci ya buge mata gwiwa, kafin ta buɗe baki injin ya kama. Ƙararsa ta cika filin, katako ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu, jama'a suka sa tafi.

Inna Lami ta kai baki taga. "Namadi, yau dai ka bi da mu sannu. Randa ka kai ni Geza duk tukwanena sun hwashe ga kwana."

Baba Namadi ya ɗan juyo. Sakinatu ta ga gefen fuskarsa ta tagar, ta ga idon nan da ta sani, wanda yake kallon mutum ya wuce shi.

"Amarya ta shiga?" ya ce.

Matan suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne. Sakinatu kuwa ta juya da sauri wajen Inna Lami. "Inna, kar ki..." Ba ta ƙarasa ba Inna Lami ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa mata, irin guɗar da ake yi in motar amarya za ta tashi.

Giya ta shiga.

Alhaji Saifuddeen, wanda ya kamata ya hau gaba, yana can yana jero wa jama'a tarihin ƙungiya. Da ya ga motar ta motsa sai ya daɗa murna. "Ku ba shi hanya! Zagaye guda zai yi muna!" Mutane suka dare. Ƴar Gata ta bi ta gaban motocin Benin a hankali, ta wuce ragar ƙwallo, ba ta karya kwana ba. Ta miƙe ta nufi gibin da aka bari a shinge don shigar motoci. A bakin kwalta ya tsaya cak, ya duba nan ya duba can kamar direban kirki, ya fito da hannu ta taga, sannan ya hau titi ya fuskanci hanyar iyaka. Ya kama hannun hagu.

Wannan hanya ba ta wasa ba ce. Tireloli da tankoki ne ke sintiri a kanta tsakanin iyaka da cikin ƙasa, kuma ba su san birki ba sai sun ga gari.

Wanda ya fara cin karo da su wani mai babur ne da buhunan albasa. Ya yi hon, ya yi hon, da ya ga bas ba ta da niyyar kaucewa sai ya faɗa gefen hanya, albasa ta watse a kwalta. Wata ƙaramar mota ta goce ta bi ɗaya hannun, direbanta ya fito da kai yana zagi.

"Ɗiyan Dahome!" in ji Baba Namadi, yana ƙara giya. "Sun shigo ƙasar mutane ba su san hannu ba."

Nan dariya ta ɗauke a cikin mota. Wata tsohuwa ta fara salati, sauran suka kama. Sakinatu ta manna fuskarta a tagar.

"Baba! Baba, ni ce! Ka koma dama, an canza hannu tun ina goye!"

"Ke wace ce? Koma ki zamna. Hwasinja ba shi koya wa direba tuƙi."

"Baba, don girman Allah, ka taka birki!"

"Gidaɗo! Zamnar da matar ga."

Ta cusa hannu ta tagar, iya wuyan hannu ya shiga. Ƴan yatsunta suka kamo wuyan rigarsa. Ya fizge kafaɗa, sitiyari ya bi shi, motar ta yi tangal-tangal har tayoyin gefe suka ci ƙasa, matan suka zube kan juna suna ihu. Ya daidaita ta da gwaninta, ya koma hagunsa. Sakinatu ta janye hannu ya kuje yana jini. Ta gane cewa in ta sake taɓa shi, ita za ta kifar da su. Makulli da birkin hannu duk suna can damansa, jikin ƙofa, inda ko namiji mai dogon hannu ba zai kai ba.

Ta leƙa baya ta ga ƴan kabu-kabu sun biyo su a guje suna ɗaga hannu, amma me za su yi? Wanda ya matso kusa da tagar direba, Baba Namadi ya ɗaga masa hannu ya gaishe shi.

Inna Lami ta damƙo zanenta. "Sakinatu, mi ya samu Namadi?"

"Gigi ne, Inna. Shina can zamanin da."

"Kin sani?"

"Na sani."

Tsohuwar ta sake ta, ta kawar da kai, kuma wannan ya fi mari zafi. Duk waɗannan mata kakannin wasu ne. Sun fito da safe da turare da sababbin zannuwa don a yi dariya, ita kuma ta bar su sun hau saboda tana kunyar kalma ɗaya.

Gari ya ƙare, aka shiga fadama. A nan titin ya hau tudu, dama da hagu gangare ne zuwa gonakin shinkafa cike da ruwa, babu inda mota za ta kauce. Can gaba akwai kwana a gindin wata kuka. Ta gilashin gaba, ta saman kafaɗar mahaifinta, Sakinatu ta hango baƙin hayaƙi yana tafe a bayan itatuwa, sannan ta ga farin bayan tanka yana ɓullowa yana ɓacewa tsakanin ganye. Direbanta ba zai gan su ba sai ya karyo kwanar.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta buɗe baki za ta sake cewa Baba, sai ta ji kalmar ba ta da amfani. Babu ƴarsa a wannan mota. A shekarar da yake ciki, ƴarsa tana bayan uwarta a Lafagu. Mutum ɗaya ne kawai yake jin maganarsa a hanya.

Ta juya ta ratsa tsakanin benci, tana taka ƙafafun tsofaffi, tana dafa kawunansu. A bakin ƙofar baya waigi na rataye da igiya, an shafe shi da fenti don ado. Ta ciro shi, nauyinsa ya kusa kayar da ita. Ta ture sakata, ƙofa ta buɗe, iska ta fizge mayafinta ta yi fadama da shi. Kwalta na gudu a ƙarƙashinta. Ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, ta sa ƙafa a matakala inda Gidaɗo ke tsayawa, ta ɗaga waigi ta doki jikin mota. Ta sake dokawa.

"Faransa," ta ce. Muryar ta fito siririya, iska ta tafi da ita. Motar ba ta motsa daga hannunta ba.

Kan tankar ya ɓullo daga bayan kuka. Hon ɗinta ya tsaga fadama, tsuntsaye suka tashi daga shinkafa.

Sakinatu ta cika ƙirji da iska. Ta nemo muryar nan da ta sha ji daga kan tabarma, mai kauri, mai karyayyar Hausa, muryar da ta tsana. Ta doka waigi sau biyu har fenti ya tashi.

"Direeeba! Ingila ta ƙare, Faransa ta kama! Dama, direba, dama!"

Daga can gaba ta ji ya ɗaga murya, cikin natsuwa. "Har mun ƙetare, Gidaɗo?"

"Mun ƙetare!"

Bai yi gaggawa ba, kuma wannan ne ya kusa tsayar mata da zuciya. Ya rage giya. Ya duba madubi. Ya fito da hannu ya yi alama ga motocin da babu su. Sannan Ƴar Gata ta fara ratsa titi a hankali kamar saniya mai ciki. Tankar na ta kuka, tayoyinta na hayaƙi, ta cika idon duniya. Sakinatu ta runtse ido ta yi kalmar shahada.

Iska mai zafi ta buge ta, warin taya ya cika mata hanci, wani abu ya yi ƙara ya karce kusurwar baya, ɓallin katako ya wuce ta gefen kunnenta. Da ta buɗe ido tankar tana bayansu, ta tsaya a karkace, ƴan kabu-kabu sun watse a gefe. Ƴar Gata na tafiya a hannun dama, lafiya lau.

"Ka ga mahaukaci ko?" in ji Baba Namadi. "Shina gudu kamar zai tashi sama."

Ba ta yarda ta yi kuka ba tukuna, don motar ba ta tsaya ba. Bayan kwanar akwai wata rumfar zana inda wani mutum ke sayar da fetur a kwalabe. Ta jira sai da suka matso, ta doka waigi sau ɗaya.

"Duwan, direba!"

Ya saki totur, ya gangara gefe, ya tsaya daidai bakin rumfar, ya ja birkin hannu. "Waigi!" ya ce. Ta diro, ta durƙusa ta cusa katakon a bayan taya. Injin ya mutu. A cikin mota babu abin da ake ji sai shessheka da hamdala.

Ta zagayo wajen ƙofarsa tana dafa jikin mota, kanta ba ɗankwali, hannunta na jini. Ya zare makulli mai igiyar fata ya miƙo mata ta taga.

"Riƙe. Kar jandarma su gan shi hannuna, ka san halinsu."

Ta karɓa. Ya sauko da ƙyar, ya gyara hula, ya ɗaga wa mai fetur hannu ya gaishe shi da Faransanci, "Bonju, mushe." Mutumin ya tsaya da mazurari a hannu, baki buɗe. Baba Namadi ya yi taku biyu, sai ya dawo ya matso kusa da ita, ya rage murya kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Gidaɗo, in mun isa Kandi ka tuna min in sawo wa Sakinatu ƴan mundaye. Ta hwara zama, ka gan ta kuwa? In na shiga gida sai ta miƙo hannu. Ni ko ba ni iya ɗaukarta gaban mutane."

Tun da take, yau ne ta fara jin sunanta a bakinsa. Ashe haka yake faɗinsa, yana jan ƙarshen a hankali. Ashe yana faɗa, can a hanya, inda ba mai ji sai karen mota. Hawaye suka zubo mata, ta bar su.

Babura suka iso. Alhaji Saifuddeen ya diro daga bayan wani, babbar riga a hannu, hula ta faɗi a hanya. "Inna lillahi! Hajiya, mi ya hwaru? Kawo makullin, yaro shi maida motar."

Ta ƙulle makullin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori. Ta dubi Alhaji, ta dubi ƴan kabu-kabu da tsofaffin da ake saukowa da su ɗaya bayan ɗaya, har da Inna Lami da ke zaune a ƙasa tana riƙe da ƙirji.

"Ku jawo ta da igiya," ta ce, yadda kowa zai ji. "Babana na da gigin tsufa. Ba a ƙara ta da injin ga."

Baba Namadi ya riga ya zauna a bencin mai fetur, yana jiran jandarma su sallame shi. Ya duba cikin taron, bai ga wanda yake nema ba, fuskarsa ta fara nuna tsoro.

"Gidaɗo?"

Sakinatu ta share fuska da bayan hannu, ta ratsa mutane ta nufe shi.

"Na'am, direba. Ga ni."